Littafin Barth da taswirorinsa: ina wuyar take?

Masu karatu da dama sukan ce littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth ba ya karantuwa: kundi 5 ne, ya fito da Jamusanci da Ingilishi a 1857-1858, kuma fassarar Faransanci ta Paul Ithier daga taƙaitaccen bugu aka yi ta. A ganinmu, babbar wuyar tana wajen sunayen garuruwa. Mai karatu yana bin Barth daga Agadas a 1850 zuwa Tasawa, Katsina da Kano a 1851, sai ya nemi taswirar da zai aza hanyar bisa, ya tarar kowace da rubutunta.

Taswirori uku ne za mu kwatanta a nan. Ta farko ita ce wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton a Sakkwato a 1824, da haruffan Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. Ta biyu, waɗanda August Petermann ya zana daga bayanan Barth. Ta ukku, na ayarin Tilho, wanda ya shata iyaka tsakanin Kwara da tabkin Cadi a 1906-1909. Bello ya san ƙasar da harshenta, amma taswirarsa ba ta awon nisa ba ce. Mutanen Tilho sun yi awo da kyau, sai dai kunnen Faransanci suka saurara da shi, kuma irin wannan rubutu muka gada a taswirorin hukuma.

Abin da ya ɓace a bayyane yake ga mai nazarin harshe. *Maradi* ta rasa ɗ na Maraɗi, *Konni* ta rasa ƙ na Ƙwanni, *Tibiri* ta rasa ts na Tsibiri. *Dogondoutchi* kuwa ta haɗe kalmomi biyu, dogon dutsi, har ma'anar ta ɓuya. Wanda ya ɗauki waɗannan siffofi a matsayin sheda kan asalin suna zai gina tarihi bisa kuskuren ji.

Saboda haka muna ba da shawarar a tsara jadawali mai layi huɗu: rubutun ajami, na Barth, na Faransanci, da lafazin mutanen garin tare da karin sauti da tsawon wasali. Layi na huɗu sai an je wurin dattawa. Shi ne ya fi gaggawa, domin takarda tana jira, masu lafazin kuwa suna ƙarewa.