Tuwo, Kifi da Shinkafa: Sharhi a kan Yadda Ake Bayyana Cimar Hausawa Idan An Dubi Ƙasar Kabi

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, abincin wani gubar wani. Amma idan mutum ya ɗauki galibin littattafan al'adun Hausawa da muke karantarwa a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, ya buɗe babin abinci, sai ya ga kamar dukkan Hausawa a akushi ɗaya suke ci. Za a jero masa tuwon dawa da miyar kuka, da fura da nono, da koko da ƙosai, da ɗanwake da waina, daga nan sai a rufe babi. Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wannan hanya ta bayyana cimar Hausawa, ta kuma auna ta da abin da ake ci a kwarin Rima, wato daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da Gwadangaji. Ra'ayinmu shi ne, jerin sunayen abinci bai isa ya zama bayanin al'ada ba, sai an faɗi dalilin da ya sa mutane suke cin abin da suke ci, da lokacin da suke cinsa, da kuma waɗanda suke ci tare da su.

2.0 Aibin Jerin Sunaye

Mun lura da aibi iri uku a cikin wannan hanya. Na farko, ta ɗauki cimar mutanen tudu, masu noman gero da dawa a ƙasashen Kano da Katsina, ta mai da ita cimar kowa. A wajen mutumin tudu na da, shinkafa abincin salla ce ko na biki, kifi kuwa sai dai busasshe da fatake suka kawo. Ɗalibin da ya tashi a Argungu, wanda tuwon shinkafa da miyar kifi ba baƙonsa ba ne, idan ya karanta haka sai ya ɗauka ko dai littafin ya yi kuskure, ko kuwa shi ne ba cikakken Bahaushe ba. Tun da kuwa littafin ake bi wajen ba da maki, dole ya haddace abin da ya saɓa wa tukunyar gidansu.

Na biyu, hanyar ba ta kula da karin harshe. A yammacin ƙasar Hausa ana cewa hura, ana kiran yakuwa sure, ana cin hoce, kuma kalmar kalaci tana nan da ranta a bakin mutane. Idan aka watsar da suna, to an kama hanyar watsar da abin da ake kira da shi.

Na uku, wanda shi ne mafi girma, hanyar tana nuna abinci kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama, ba shi da tarihi, ba ya kuma canzawa.

3.0 Misali daga Ƙasar Sifen

Domin mu ga yadda tarihi yake shiga cikin tukunya, bari mu leƙa ƙasar Sifen, wadda malamanmu suka fi sani da Andalus. Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe kuma ya faɗi a Garnaɗa a 1492. A zamaninsu ne noman shinkafa ta hanyar ban ruwa ya kafu a can, har ma sunayen da mutanen Sifen suke kiran shinkafa da man zaitun a yau daga Larabci aka aro su. Bayan 1492 kuwa, cin naman alade a bainar jama'a ya zama wata alama da mutum yake nuna shi Kirista ne na sosai. Ashe ke nan addini da siyasa sun sa hannu a cikin kwanon.

Haka kuma lokacin cin abinci. Mutanen Sifen sukan ci babban abincinsu wajen ƙarfe biyu ko uku na rana, na dare kuwa sai wajen tara ko goma. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne, a 1940 gwamnatin Janar Faranko ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya don ya dace da na tsakiyar Turai, ba a kuma komar da shi ba. Mutane suka ci gaba da bin rana, agogo ya riga su.

Daɗin daɗawa, dafa-dukan shinkafar nan da ake kira faiya, wadda baƙi suke ɗauka abincin dukkan ƙasar ce, asalinta abincin manoman fadamar Balansiya ne, a gefen tabkin Albufera. Wannan kuskure ɗan'uwan namu ne. A can an ɗauki abincin fadama an lulluɓa wa ƙasa baki ɗaya, a nan kuwa an ɗauki na tudu an rufe na fadama da shi.

4.0 Gulbi da Fadama

Abu na farko da yake tsara cimar Kabawa shi ne gulbi. Gulbin Rima yakan haɗu da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. Da damina ruwa yakan cika ya malale fadama, shinkafar da aka shuka ta riƙa tashi tare da shi, a girbe ta da kaka. Idan ruwa ya janye sai ya bar tafkuna cike da kifi, a shiga su da rani. Wato shekarar Bakabe tana da girbi biyu, na gona da na ruwa, kuma wannan ne ya sa tukunyarsa ta bambanta da ta mutumin tudu.

Shinkafar nan ba baƙuwa ba ce. Jar shinkafa ta gargajiya 'yar Afirka ce, masana kuma sun nuna an fara noma ta a fadamun Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Daular Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, mai hedkwata a Surame, a bakin wannan kwari ta tsaya da ƙafafunta.

Game da kifi kuwa, Bakabe ba ya tsayawa a kan cewa kifi kawai. Ya san tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da ragon ruwa da kurungu da gaiwa, ya san wanda ya dace da miya, da wanda ya dace da banda, da wanda za a soya. Sarkawa da sauran masunta suna da wannan ilimi daki-daki. Babin abincin da bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ya bar wani babban yanki na ƙasar Hausa a waje.

5.0 Addini da Kunya

Abu na biyu shi ne addini. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbar ruwa halal ce, ba ta kuma bukatar yanka. Saboda haka talakan bakin gulbi yana iya samun abin sawa a miya ba tare da ya je wurin mahauci ba. Watan azumi kuma yakan juya lokutan cin abinci gaba ɗaya, su koma sahur da buɗa-baki. Salla tana da nata abinci, haka suna da biki da sadakar mamaci.

Kafin Musulunci ya yi ƙarfi, da ma Kabawa suna da al'adun da suka ɗaure ci da lokaci, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa da shan kabewa. Ma'anar fashin ruwa ita ce ba mai shiga su a wasu wurare sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ko mene ne ra'ayin mutum game da tsafin da yake tattare da abin a da, amfaninsa a fili yake, domin yana ba kifi damar hayayyafa da girma kafin a kama shi.

Abu na uku shi ne kunya, wadda Kabawa suka yi tarayya da sauran Hausawa a kanta. Maza suna ci daban, mata daban. Ba a ci a gaban suruki. Yaro ba ya riga babba kai hannu ga nama ko tsokar kifi. Dattijo ba ya tafiya yana ci a kan hanya. Wanda ya zo ya tarar ana ci, sai a ce masa bismilla. Waɗannan ƙa'idoji su ne makarantar farko ta ladabi, amma jerin sunayen abinci ba shi da wurin sa su.

6.0 Bikin Argungu: Kifi a kan Sikeli

Wani zai ce, ai duniya duka ta san Kabi da kifi, albarkacin bikin kamun kifi na Argungu. Gaskiya ne. An fara bikin a siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta zama alamar sulhu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Sai dai sukar da muke yi wa littattafai ta shafi yadda ake bayyana bikin a jaridu da talabijin. Abin da ake nunawa shi ne dubban maza da gora da homa suna rugawa cikin Matan Fada, sai kuma ƙaton giwan ruwa a kan sikeli. Labarin yakan ƙare a daidai inda aikin mata yake farawa. Wa ya gyara kifin? Wa ya banda shi? Da wace miya aka ci shi? Matan da suke turara shinkafa, su shanya, su surfa, su kai kasuwa, su ne ginshiƙin cimar wannan kwari, amma da wuya a ji ɗuriyarsu. Littafi ya mance da kifi, biki ya tuna da kifi ya mance da tukunya.

7.0 Canje-canjen Zamani

Abin da ya sa wannan magana take bukatar gaggawa shi ne, abubuwan da suka tsara cimar suna canzawa. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka gama a 1978, da ta Goronyo da ta biyo baya a 1984, sun canza yadda ruwa yake malala a fadama, abin da ya taɓa noman jar shinkafa da kuma su. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ya cika da ma'aikata. A Gwadangaji, inda sakatariyar gwamnatin jiha take, ma'aikaci yana bin agogon ofis, abincinsa na rana yakan fito daga hannun mai sayarwa, ba tare da 'yan'uwa a zaure ba. Wannan ya yi kama da labarin agogon Sifen da muka ambata.

A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Noma ya bunƙasa, wannan kuwa abin farin ciki ne. Amma shinkafar da injin yake so fara ce mai dogon ƙwaya, wadda kasuwar Legas take nema. Sannu a hankali jar shinkafa tana komawa abincin ƙauye a idon yara, ɗanɗanon sinadarin miya na kanti kuma yana ture na daddawa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa bayanin cimar Hausawa da ya tsaya ga jerin sunaye ya gaza ta fuska uku: ya ɗauki tudu a matsayin ƙasa duka, ya yi watsi da karin harshe, ya kuma cire tarihi. Muna ba da shawara ga masu rubuta littattafan makaranta su riƙa tsara babin abinci bisa yanayin ƙasa, wato tudu da fadama da bakin gulbi, su kuma shigar da lokutan ci da ladubbansa. Muna kira ga 'yan'uwanmu malaman kwalejoji su tura ɗalibai wurin masunta da tsofaffin mata, su rubuto sunayen kifaye da irin shinkafa da hanyoyin dafa su, a cikin karin harshen masu abin. Ɗaliban nan 'ya'yan gidajen ne, ba sa bukatar tafinta. Hausawa dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma waɗanda suka san fadamar nan kafin a datse gulbi suna ta raguwa.