'Yar Tsanar Kara da Masu Raina Ta

Akwai masu ganin kansu wayayyu da suke cewa 'yar tsanar kara alamar talauci ce da ƙauyanci, wai an huta da ita tun da 'yar bebin roba ta cika Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Akwai kuma waɗansu, ta ɗaya gefen, da suke lissafa kowace 'yar tsana cikin gumaka. Amsar na biyun ba ta da tsawo, gama ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Alƙali Iyal kuwa, wanda ake karanta Ashafarsa a watan azumi, ya yi rangwame a kansu domin 'yan mata su koyi reno. Da na farkon nake muhawara.

Sa'ad da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suke gonaki a wajen ganuwa, ta bakin hanyar Zariya, kara ba abin nema ba ne, in an girbe dawa yana zube a kowane gida, na darni daban, na girki daban, daga cikinsa maza su yi doki da mota, mata su yi 'ya. Da gine-gine suka cinye gonakin, sai kara ya yi nisa, roba ta matso, har Barbie, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1959, ta aiko da jikokinta ta hannun 'yan kasuwar Sin.

To, hikimar da masu rainin ba su duba ba tana wajen fuska, domin 'yar kara ba ta da ita. Yarinya takan zaɓi gaɓa ɗaya miƙaƙƙiya, ta tsaga kanta, ta cusa zare ko gemun masara ta yi mata kitso, sa'an nan ta je wurin telan unguwa ta roƙo ƙyallaye, ta ɗaura mata zani da kallabi irin ɗaurin da ta ga uwarta tana yi, amma ido da baki sai ta bar su a zuciyarta. Saboda haka 'yar nan da safe jaririya ce mai kuka, a goya ta da majanyi a rarrashe ta, da la'asar kuma amarya ce mai kunya, ƙawaye sun taru an jera mata ƙwaryar wasa da marafen kwalba, ana buɗar kai. Ta roba kuwa, tun daga masana'anta aka yanke mata murmushi ɗaya da shekaru ɗaya, ko an ce ba ta da lafiya dariyarta take yi.

Na yaba da himmar Haneefah Adam, 'yar Ilori, wadda ta yi suna a 2016 da ɗinka wa Barbie hijabi, amma a ra'ayina sutura kawai aka sauya, kuma babba ce ta ɗinka. A wajen 'yar kara yarinyar ce maƙeriya, ita ce tela, ita ce makitsiya, in ta karye kuma ba a jiran uba ya dawo daga kasuwa, sai a zaro wani karan daga jikin darni a sake haihuwa, a aika wa ƙawaye cewa suna ranar Alhamis.