Gyaɗar Kano a Ma'aunin Bama: Sharhi a kan Littafin Hogendorn

Littafin Jan Hogendorn mai suna Nigerian Groundnut Exports, wanda ya fito a 1978, ya daɗe yana zaman madogara ga masu nazarin tattalin arzikin ƙasar Kano a farkon mulkin Turawa. Ya cancanci wannan matsayi, amma ma'aunin da aka auna manomin Kano da shi a cikinsa aro ne daga Asiya.

Masanin tattalin arziki Hla Myint, ɗan ƙasar Bama, shi ya shimfiɗa ra'in a 1958. A ganinsa, cinikin Turawa ya tarar da ƙasa da ƙwadago suna zaune ba a mora, sai ya buɗe musu kafa. A Bama maganar tana da tushe, domin bayan Ingilishi sun ci kudancin ƙasar a 1852, aka kuma buɗe mashigin Suwez a 1869, manoma sun kwararo bakin kogin Irawadi suka sare dazuzzuka, suka mai da su gonakin shinkafa.

Inda Hogendorn ya yi fice shi ne a bayanin abin da ya biyo bayan faɗuwar Kano a Fabrairun 1903. Turawa auduga suke so domin masaƙun Lankasha, da wannan buri kuma aka kawo jirgin ƙasa, wanda ya fara jigila a 1912. Sai manomi ya ba su mamaki ya zaɓi gyaɗa, har abin da aka fitar a 1913 ya kai kimanin tan 19,000. Marubucin ya nuna cewa masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja, ga shi gyaɗa tana son jigawa, ana cin ta in kasuwa ta faɗi, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Ya kuma ba fataken goro haƙƙinsu, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, waɗanda suka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa. Wannan ya rushe tatsuniyar nan ta cewa Bature ne ya koya wa Bahaushe ciniki.

Sai dai ƙasar Kano ba bakin Irawadi ba ce. Gonakin da ke kewaye da birni ana nomansu shekara da shekara da taki, kuma ko a arewa, wajen Bici da Dambatta da Kunci, damina gajeriya ce, kwanakin noma ƙidayayyu. Mai gandu da ya ƙara kunyar gyaɗa, daga wani wuri ya ɗebo hannun da zai nome ta: daga gero, ko dawa, ko auduga. Ƙwadagon da ake kira rara na rani ne, ba a kuwa shuka gyaɗa da rani. Hogendorn bai jahilci wannan ba, ya ma taɓo shi, amma bai bar shi ya girgiza ra'in ba.

Babban giɓin shi ne haraji. Manomin da aka ce ya biya da sulallan Bature, a lokacin kaka, bayan an kashe darajar wuri, ba a ce zaɓinsa farashi kaɗai ya yi masa jagora ba. Dagaci da ɗan sandan En'e suna cikin kasuwar nan, ko da ba su riƙe sikeli ba. Shekarar 1913 ɗin nan da ake yabo ita ce ta farin da ya haifar da yunwar 1914, wadda ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a arewacin Kano. Michael Watts a 1983 da Robert Shenton a 1986 sun ɗora alhakin tsananinta a kan haraji da raunin rumbu, kodayake su ma a wasu wurare sun mai da manomin abin tausayi kurum, suka manta da basirar da Hogendorn ya tabbatar masa.