Gawo a Gonakin Daura: Itacen da Ake Bari, Ba a Dasawa

Mutanen gaɓar Bahar Rum suna da wani dogon itace siriri mai tsini, wanda Larabawa ke kira sarwu. Turkawa na dasa shi a maƙabartu, ya cika tsohuwar maƙabartar Karacaahmet ta birnin Istanbul. Girkawan dā sun ɗauke shi itacen makoki, mawaƙan Farisa kuma da shi suke kwatanta tsayin masoyiya. Darajarsa a wurinsu ita ce ba ya sauyawa, ganyensa kore ne ko wane lokaci. A ƙasar Daura kuwa, itacen da manomi ya fi ganin girmansa ya sami daraja ne saboda saɓa wa sauran itatuwa da yake yi.

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango ko Baure a watan Maris zai ga gonaki fayau, sai kututturan karan gero da rairayi. A tsakiyarsu ga gawo tsaye, kore shar. Ƙarƙashinsa awaki na turereniya a kan 'ya'yansa da suka zubo, masu launin ruwan goro, a nannaɗe, wani yaro kuma na zungurar reshe da doguwar gora yana tarawa a buhu. A dawo wurin a watan Yuli, lokacin da ko'ina ya yi tsanwa, sai a tarar da shi tsirara, fari-fari, kamar ya mutu. Shi ya sa ake cewa gawo ya ƙi ruwan sama, har akan jingina masa mutum mai taurin kai.

Tsamiya da kuka su ne aka fi dangantawa da iskoki. 'Yan bori sun san da su, iyaye kuma na hana yara zama a gindinsu da tsakar rana ko da almuru. Tsoro ne ya tsare waɗannan daga gatari. Abin da ya tsare gawo lissafi ne. Saiwarsa na nutsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka bai damu da na sama ba. Ganyensa na zuba daidai lokacin shuka, ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta sami hanyar sauka kan shukar. Dabbobin da suka wuni a inuwarsa duk rani sun bar kashinsu a nan. Ga shi dangin wake ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Manomin Sandamu, a ƙasar Daura, bai jira masana sun gaya masa ba: ya ga geron gindin gawo ya fi tsayi, zangarniyarsa ta fi cika.

Wurin da na fi so a duba shi ne yadda yake samuwa. Ba al'ada ba ce a haƙa rami a dasa gawo. Ƙwayarsa na da ɓawo mai tauri, sai ta bi ta cikin akuya ko saniya ta yi laushi, sannan ta tsiro inda kashin ya faɗi. Manomi na sassabe ko noman farko zai ci karo da ɗan tsiro mai ƙaya, a nan ne zai zaɓa, ko ya sa masa fartanya ko ya kewaye shi. In ya bar shi, zai rage rassan ya bar guda ɗaya mai ƙarfi ya miƙe. Shekarun farko gawo ba ya nuna komai a sama, aikinsa a ƙasa yake. Kenan kowane babban gawo a gonar gado shaida ce cewa wani kaka ya ɗaga hannunsa.

Sarakuna ma sun sa baki. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa hukunci mai tsanani, har na kisa, a kan mai sare gawo. Wannan ba labarin nesa ba ne ga Daurawa, domin bayan jihadi gidan sarautar Haɓe ya zauna a Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram, kafin Turawa su mayar da ɗan wannan gida, Malam Musa, birnin Daura a farkon ƙarni na 20.

Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an sake gano abin da aka sani tun dā. A yankin Maraɗi, wajen 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya rinƙa jan hankalin manoma su kula da tohon kututturan da ke gonakinsu, aka sa wa abin suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Inda gawo ya fi yawa su ne Magarya, Matamaye da Mirya, wato da zarar an tsallaka iyaka ta Kwangwalam ko Babban Mutum.

A namu ɓangaren hankalin hukuma ya fi karkata ga dashe: a raba darbejiya da turare a leda, a yi biki, a ƙirga adadi. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina ke ciki, da wannan tunani ya faro. Darbejiya ta yi rana a bakin titi da ƙofar gida, ba a musu, amma ba mai son ta a tsakiyar gonar gero.

Abin da ke cin gawo yau ba ya cikin ƙirgar masu dashe. Garmar shanu da tarakta ba sa kewaye tsiro yadda fartanya ke yi. Makiyayi a ƙarshen rani kan sassare rassa har itacen ya gaza yin 'ya'ya, mai neman itacen girki ya ƙarasa. Sannan ga gonar aro da ta jingina, wadda mai nomanta bai san ko baɗi tana hannunsa ba, balle ya raini tsiron da sai bayan shekaru zai fara biya.