Kewar Gida a Cikin Labarin Nasara: Nazarin Littafin The Americanization of Edward Bok

1.0 Gabatarwa

Kowane labarin ƙaura yana da fuska biyu, watau abin da baƙo ya samu a inda ya sauka da kuma abin da ya baro a inda ya taso. Galibin littattafan tarihin rayuwa da baƙi suka rubuta a Amurka a farkon ƙarni na 20, irin su na Jacob Riis (1901) da na Mary Antin (1912), sun fi ba fuska ta farko ƙarfi. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin fitattun waɗannan littattafai, wato The Americanization of Edward Bok, wanda ma'anar sunansa ita ce yadda Edward Bok ya rikiɗa ya zama Ba'amurke. Kamfanin Scribner ne ya buga shi a 1920, ya kuma ci kyautar Pulitzer ta fannin tarihin rayuwa a 1921.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, marubucin ya danne kewar gida don ya fito da jigon nasara, amma duk da haka kewar ta ɓullo ta wasu kafofi a zubin littafin da salonsa. Za a kuma nuna cewa wannan dannewa ta jawo wa littafin babban giɓi, domin ta rufe bakin waɗanda ƙaurar ta fi yi wa ciwo, wato iyayen marubucin.

2.0 Taƙaitaccen Labari

An haifi Edward Bok a garin Den Helder na ƙasar Holan a 1863. Iyayensa masu hali ne, amma dukiyar mahaifin ta salwanta, sai ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa maza biyu suka haye teku. Sun sauka Niyok a watan Satumba na 1870, suka zauna a Buruklin, lokacin Edward yana gab da cika shekara bakwai. Ba a daɗe ba aka sa yaran a makarantar gwamnati alhali ba su jin Turanci, suka sha tsokanar 'yan ajinsu har sai da Edward ya ƙwaci kansa da dambe.

Talauci ya sa yaron neman kuɗi tun yana ƙarami. Ya yi aikin goge gilashin tagar wani mai gidan burodi a kan santi 50 a mako, ya sayar wa fasinjojin keken doki ruwan sanyi, shi da wansa kuma sukan fita tsintar itace da gawayi don hura wuta a gida. Yana da shekara 13 ya bar makaranta ya kama aikin masinja a kamfanin wayar tangaraho na Western Union, inda mahaifinsa yake aikin fassara. Mahaifin ya rasu Edward yana da shekara 18. Daga nan ya bi ta kamfanonin buga littattafai har ya zama editan mujallar mata ta Ladies' Home Journal a Filadalfiya a 1889, ya riƙe wannan muƙami shekara 30, har zuwa 1919.

3.0 Jigo da Zamaninsa

Babban jigon littafin shi ne cewa Amurka ƙasa ce da ke buɗe wa mai himma ƙofa, ko daga ina ya fito. Kowane babi tamkar matakala ce: yaron ya hango wata dama da wasu ba su gani ba, ya kama ta, ya hau gaba. Hatta tara wasiƙun manyan mutane da ya yi yana saurayi, wanda ya kai shi ga saduwa da irin su Janar Grant da mawaƙi Longfellow, an tsara shi ne a matsayin wata hanyar ɗaukaka.

Ba za a fahimci wannan jigo sosai ba sai an dubi lokacin da littafin ya fito. A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa an matsa wa baƙi lamba ƙwarai a kan su watsar da harsunansu da al'adunsu. A 1915 tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda shi kansa jinin Holan ne, ya yi jawabi yana sukar masu raba biyayyarsu tsakanin Amurka da ƙasar asali. A 1921 da 1924 kuma aka kafa dokokin taƙaita shigar baƙi, waɗanda suka fifita mutanen arewa maso yammacin Turai a kan na kudanci da gabashinta. A irin wannan yanayi, baƙon da ya fito fili ya ce yana begen gida zai jawo wa kansa zargi. Bok ya ba masu karatunsa irin baƙon da suke son gani. Abin da bai tsaya ya auna ba shi ne, kasancewarsa farar fata daga ƙasar da ake ganin mutuncinta ya sauƙaƙe masa hanyar da ta yi wa wasu baƙin tsauri. Saboda haka darasin da littafin yake koyarwa, wai himma kaɗai ta isa, bai tsaya da ƙafafunsa ba.

4.0 Kafofin da Kewa ta Ɓullo

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ana iya jin wannan kuka a wurare uku.

Na farko shi ne mabuɗin littafin. Kafin a ga jirgin ruwa ko birnin Niyok, marubucin ya fara da labarin kakansa, wanda aka tura wani tsibiri a Tekun Arewa don ya kawar da masu wawashe jiragen da suka yi haɗari. Tsibirin fako ne, sai kakan ya dinga dasa itatuwa shekara bayan shekara har tsuntsaye suka mai da wurin masauki. Kakarsa kuma ta yi wa 'ya'yanta wasiyya da su bar duniya ta fi yadda suka same ta kyau. An ba da wannan labari da salon tatsuniya. Yaron da ya bar ƙasa yana ɗan shekara shida ba shi da abin tunawa mai yawa, don haka Holan ɗin da ke cikin littafin ta labarin gida ce, wadda aka gada daga bakin manya. Duk da haka ita aka ɗora a matsayin ma'aunin duk abin da tauraron zai aikata a Amurka.

Na biyu shi ne salon ba da labarin. Tarihin rayuwar marubuci ne, amma bai ce "ni" ba, sai dai "shi" ko "Edward Bok". Ya bayyana dalilinsa tun a farko, cewa yana ganin editan nan a matsayin wani mutum dabam, wanda ɗabi'unsa da abubuwan da yake so suka saɓa wa nasa, har ma dole ya riƙa danne ainihin kansa don editan ya yi aikinsa. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin dabarar kauce wa yabon kai. Amma a ganinmu ya wuce nan. Mutumin da ya rubuta littafi don ya nuna ya zama Ba'amurke, sannan ya ce wanda ya yi nasarar wani ne dabam, ya riga ya shaida cewa rikiɗar ba ta kai zuci ba. A nan ne salo ya faɗi abin da jigo ya ɓoye, kuma wannan shi ne wuri mafi armashi a littafin.

Na uku shi ne babin da ke kusa da ƙarshe, inda ya koma yana magana da bakinsa, ya lissafa wuraren da Amurka ta gaza a idonsa. Ya soki almubazzaranci, da yin aiki sama-sama, da rashin girmama doka, da yadda makaranta ta kasa kula da yaron da bai iya Turanci ba. Idan aka lura, kowane aibi da ya ambata kishiyar wata ɗabi'a ce da ya danganta ga tarbiyyar gidansu: tattali, da inganta aiki, da ladabi. Ke nan bayan shekara 50 da idon Holan yake auna Amurka. Sai dai nan da nan ya bi wannan babi da wani na godiya ga Amurka, kamar mai gudun kada a ce ya yi butulci.

5.0 Muryar da Aka Rasa

Babban raunin littafin shi ne matsayin iyaye. Su ne suka san Holan da girmansu, su ne suka bar dangi da harshe da daraja. Uwar ta saba da masu aiki a gida, sai ga ta tana fama da aikace-aikacen da suka fi ƙarfinta, har yaran suka karɓi hura wuta da wanke-wanke. Lokacin da ta nuna rashin jin daɗinta da tsintar gawayi a titi, ɗan ya amsa mata da cewa a Amurka ba a jin kunyar aikin halal. Marubucin ya kawo wannan ne don ya nuna basirar yaron. Mai karatu kuwa yana iya hango macen da mutuncinta ke zubewa a gaban maƙwabtan da ba ta saba da su ba, amma ba a ba ta ko shafi guda ta faɗi abin da ke ranta ba. Uban ma haka: mutumin da ya riƙe dukiya ya koma ɗan albashi, ya mutu bai farfaɗo ba, aka wuce mutuwarsa cikin 'yan layuka.

Wani abin lura shi ne, wannan iyali ba su sauka cikin 'yan'uwansu ba. Mutanen Holan da suka bi Albertus van Raalte zuwa Mishigan, da waɗanda suka bi Hendrik Scholte suka kafa garin Pella a Ayowa, duk a 1847, sun gina majami'unsu da makarantunsu, suka daɗe suna magana da harshensu. Kewarsu ta sami wurin zama. Iyalin Bok kuwa a tsakiyar birni suka faɗa, kuma littafin bai nuna mana wata jama'a da suka jingina da ita ba. Wannan ya hanzarta sajewar yaron, kuma da alama ya tsananta kaɗaicin iyayen. Littafin ya yi murna da na farko, ya yi shiru a kan na biyu.

Ɗalibin adabin Hausa zai ga bambancin idan ya tuna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can ma yaro ne ya tashi a baƙuwar ƙasa ya sami ɗaukaka, amma marubucin ya juya ya bi sawun uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ya bar mai karatu ya ga abin da rabuwar ta ci mata. Littafin Bok bai yi wannan juyawar ba, shi ya sa nasarar da ke cikinsa ta fito kamar ba a biya mata komai ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda yanayin 1920 ya tura marubucin ga jigon nasara, da yadda kewar gida ta ɓullo ta mabuɗin littafin da salonsa da babin sukar Amurka. An kuma ga cewa an sayi daidaituwar labarin ne da shirun iyaye. Abin da Bok ya yi bayan littafin ya ƙarfafa wannan fahimta. Ya kafa wani lambu a Lake Wales ta jihar Fulorida don ya zama mafakar tsuntsaye, ya gina hasumiya mai jerin ƙararrawa irin wadda aka san garuruwan Holan da Beljiyam da ita. Shugaba Calvin Coolidge ya buɗe wurin a 1929, Bok ya rasu a 1930, aka binne shi a gindin hasumiyar. Watau tsibirin kakansa ya sake ginawa a ƙasar da ya ce ya zama ɗanta.

Darasin da manazarci zai ɗauka shi ne, a duk lokacin da aka karanta tarihin rayuwar ɗan ƙaura, ya kamata a tambayi shekarunsa ranar da ya bar gida, da waɗanda ya rubuta dominsu, da kuma wanda aka hana magana a cikin iyalin. Idan aka yi wa littafin Bok waɗannan tambayoyi, za a tarar darajarsa ta fi yawa a wuraren da marubucin ya kasa ɓoye asalinsa.