“Ki Jira Sai Kin Haihu”: Shawara Ce Mai Kyau, Amma Wa Zai Tuna Miki?

Idan kina da juna biyu aka yi miki gwajin bakin mahaifa, sakamako ya fito da 'yar matsala, akwai shawara guda da za ki ci karo da ita kusan ko'ina: ki kwantar da hankalinki, yawanci ba sankara ba ce, za a sa ido a kanki, magani kuma sai kin sauka lafiya. Haka hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, take gaya wa matan can. Ƙungiyar likitocin Amurka da ake kira ASCCP, wadda ta sabunta ƙa'idojinta a 2019, ita ma nan ta dosa. Likitocinmu kuma galibi daga irin waɗannan takardu suke ɗauko abin da suke faɗa miki. A ganina kimiyyar da shawarar ta tsaya a kai tana da ƙwari. Sai dai rigar da awon wata aka ɗinka ta, kuma a jikinki akwai inda take zamewa.

Bari mu fara ba ta haƙƙinta. Gwajin Pap, wanda ya samo sunansa daga likitan nan ɗan asalin Girka, George Papanicolaou, ba gwajin tabbatar da sankara ba ne. Ana ɗan goga bakin mahaifa ne a kwaso ƙwayoyin halitta, a duba su a madubin likita ko sun fara sauya kama. Abin da ke sauya musu kama kusan kullum ƙwayar cutar HPV ce, kuma nau'i biyu kacal, 16 da 18, su ke jawo wajen kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. To amma kamuwa da HPV daban, sankara daban. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa, garkuwar jikinsu ce ke share cutar cikin shekara biyu ba tare da sun ma san ta zo ba. Inda ta ƙi tafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin sauyin ya rikiɗe ya zama sankara a jikin mace mai lafiyar garkuwa. Ki ɗora wata tara a kan wannan ma'auni, za ki ga dalilin da likita ba ya rawar jiki.

Sannan shi kansa cikin yana rikita hoton. Bakin mahaifar mai ciki yakan yi laushi, jini ya ƙaru a wurin, fatar ciki ta ɗan leƙo waje, wasu ƙwayoyin halitta su kumbura har mai dubawa ya ɗauka mugun abu ne alhali aikin sinadaran ciki ne kawai. Yanke wurin da ya sauya kuwa a wannan lokaci ba wasa ba ne: ana iya zubar da jini mai yawa, ana iya ɓari, ana iya haifar bakwaini. Bincike da dama sun nuna cewa da wuya ƙwarai sauyin ya kai ga sankara kafin haihuwa, kuma a mata da yawa yakan ragu ko ya ɓace bayan an sauka. Don haka abin da ASCCP ta yarda da shi shi ne a leƙa wurin da na'urar kolposkofi, wata tabarau ce mai fitila da ke tsayawa daga waje, ba ta taɓa ɗan da ke ciki. Idan an ga abin zargi a ɗan tsinko nama kaɗan a auna. Kankare cikin ƙofar mahaifa kam an hana shi sam ga mai ciki. Wannan sauyi shi kaɗai kuma ba dalilin yi miki tiyata wajen haihuwa ba ne, ba ya hana ki shayarwa. Har nan ba ni da ja.

Matsalata ta farko da harshen takardar ce. Tun 1988 ake rubuta sakamako da tsarin da aka tsara a garin Bethesda na Amurka: ASC-US, LSIL, HSIL. Likitoci aka yi wa shi, don su fahimci juna, kuma ya yi musu amfani. ASC-US na nufin an ga wani abu da ba a tantance ba, LSIL sauyi ne mai sauƙi, HSIL kuma shi ne wanda ya fi buƙatar a bi shi sau da ƙafa. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazara mai yawa. Amma a ɗakin awo, inda nas ɗaya ke fama da layin mata har bakin ƙofa, duk sukan dunƙule su zama jimla ɗaya: “An ga matsala a mahaifarki.” Kin ga an ma jefar da kalmar “baki”, saura “mahaifa”, wurin da ɗanki yake kwance. Ina mace za ta ji wannan ta yi barci? Wata ta nufi mai maganin gargajiya a ba ta na matsi, wanda ba ya kashe HPV, sai dai ya ƙara fusata wurin. Wata kuma ta ɓoye takardar don kada maigida ya ji cutar ta hanyar saduwa ake ɗauka. Kai maigida, idan kana karantawa, ƙwayar nan tana iya yin shekaru a jiki shiru, yawancin manya maza da mata sun taɓa ɗaukarta, sakamakon yau ba ya nuna yaushe ta shigo balle daga wa.

Babbar matsalar dai tana cikin kalmar “jira”. Wanda ya rubuta wa matan Ingila wannan shawara ya san akwai rajistar da ke riƙe da sunan mace daga shekara 25 zuwa 64, ana aika mata takardar gayyata, idan ba ta zo ba a sake nemanta. Jira a wurinsu ajiya ce a hannun tsari. Mu fa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Mace ta zo awo an gwada ta, ta haihu a gida, ta tafi wankan gida wurin iyayenta, wataƙila a wani gari. Suna, jego, raino, takarda ta shige ƙasan akwati. Ba wanda zai buga mata waya. Kafin ta sake taka asibiti don kanta, wani cikin ya shiga, a sake ce mata ta jira. A yankin da matsakaicin haihuwa ya haura shida ga mace ɗaya a binciken 2018, wata tara sau uku ko huɗu da tazarar da ke tsakaninsu sun cinye wani babban yanki na shekarun nan 15 da muke tutiya da su.

Kuma wa ya ce daga yau aka fara ƙirga? Baturiyar da aka ce ta jira tana da sakamakon shekarun baya da za a kwatanta. A wurinmu sau da yawa gwajin da aka yi a awo shi ne na farko a rayuwar mace, ba wanda ya san ko sauyin na bara ne ko ya shekara goma. Mai ɗauke da HIV kuma lissafinta daban ne gaba ɗaya: haɗarinta ya ninka har sau shida, kuma idan garkuwa ta yi rauni shekara 5 zuwa 10 sun isa. Ga irinta, “kada ki damu” ba tare da ranar dawowa ba sakaci ne.

Akwai ma wani karo da ba a cika magana a kai ba. Asibitocinmu da yawa ba Pap suke yi ba, ruwan khal ake shafawa a bakin mahaifa a jira minti ɗaya a ga ko wani wuri zai yi fari. An ƙirƙiro wannan hanya ne daidai don an san mata ba sa dawowa: a gani yau, a ƙone wurin da sanyi ko zafi yau. Mai ciki kuwa ba a yi mata wannan ƙunar. Wato ita ce kaɗai aka bar wa ainihin ramin da tsarin ya zo cikewa. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 sun kamu da wannan sankara a Najeriya, kusan 8,000 sun rasu. Allurar rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 za ta taimaki 'yarki, amma ba za ta goge abin da ke takardarki ba.

To me za ki yi da shawarar? Ki karɓe ta, amma kada ki bar ɗakin likita sai ya gaya miki wane mataki ne sauyin, ko kina buƙatar kolposkofi kafin haihuwa, da kuma inda ake yi, domin yawanci sai manyan asibitoci. Ga sauyi mai tsanani, ASCCP ta yarda a riƙa sake leƙawa duk mako 12 zuwa 24. Ki sa a rubuta ranar dawowa a katin awo, ki ɗauki hoton sakamakon a waya. Amurkawa sun ce kada a sake dubawa kafin mako huɗu da haihuwa, Ingila kuma wajen wata uku take sawa. Ki lura, arba'in ɗinki ta faɗo kusan daidai da rigakafin jariri na mako 6, na mako 14 kuma ya yi daidai da wata ukun. Ranar da za ki goya shi zuwa allura, ki saka takardarki cikin katinsa.

Abu ɗaya ne ba ya jiran arba'in. Idan kina ganin jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ko likita ya ga wani tsiro da idonsa, kada a ce miki ai ciki ne ya jawo a sallame ki. Ki nemi a duba a makon nan, ko cikin wata nawa ne.