Gindin waƙa da ɗiyanta: yadda aka yi wa wata waƙar rok gurguwar fahimta

Ranar 19 ga Satumba 1984, shugaban Amurka Ronald Reagan yana yawon neman ƙuri'a a garin Hammonton na jihar New Jersey, sai ya ambaci mawaƙi Bruce Springsteen, ya ce waƙoƙinsa suna ɗauke da saƙon kyakkyawan fata. A lokacin faifan "Born in the U.S.A." bai fi wata huɗu da fitowa ba, kuma jama'a da dama sun ɗauki waƙar da ta ba faifan suna tamkar kirarin ƙasa. Gindinta kawai suka ji: ganga mai amo, murya a sama, ana ta nanata sunan Amurka. Ɗiyan waƙar kuwa labarin wani talaka ne da aka tura yaƙin Biyetnam. Ya dawo, ya nemi aiki a matatar mai aka sallame shi, ya je wurin jami'in kula da tsofaffin sojoji bai samo komai ba.

Malamin Ingilishi a Yauri ko Matamaye, in ya sa wa ɗalibansa wannan waƙa, yana da makamin da masu sauraron Reagan ba su da shi. Wanda ya tashi da waƙoƙin fada, irin na Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram ko Narambaɗa a Isa, ya san ba a yanke wa waƙa hukunci daga bakin ƴan amshi. Yabo yana gindi, zambo da habaici suna ɓoye cikin ɗiya, sai mai kunne ke gane wanda aka harba. Sai dai kamar ba ta cika ba. A wurin makaɗin fada gindin gaskiya ne, zambon na abokin hamayyar sarki ne. A wurin Springsteen gindin kansa ne ke sauya ɗanɗano: duk ɗan da ya wuce yana ƙara masa ɗaci, har abin da ya fara kamar alfahari ya koma ƙorafin wanda ƙasarsa ta yar.

Shi ma mawaƙin bai kuɓuta daga laifi ba. A 1982 ya fara ɗaukar waƙar shi kaɗai da gita, cikin murya mai sanyi da duhu, kuma wannan ɗauka ba ta fito ba sai 1998. Wanda ya ji ta ba zai taɓa zaton kirari ba ne. Da ya zaɓi kiɗan filin wasa, shi ya buɗe wa ƴan siyasa ƙofa.

Ashe kiɗa ma magana yake, abin da ƙasar kalangu ba ta buƙatar a koya mata. A bikin Woodstock na Agusta 1969, Jimi Hendrix ya kaɗa taken Amurka ba tare da furta kalma ɗaya ba, amma gitarsa ta yi ƙarar da mutane da yawa suka ji kamar bama-bamai da kururuwa. Wannan salo ya iso Nijar: a Tawa, Mona da ƙungiyarsa Azna de l'Ader sun rungume shi, har ana kwatanta Mona da Hendrix. Sunan ƙungiyar ma abin nazari ne, domin Azna shi ake kiran masu bin addinin gargajiya a ƙasar Adar, su kuwa suka laƙaba shi ga gitar lantarki.